Yaushe Maharbi Zai Rataye Kwarinsa?

Sau ɗaya tak na taɓa yi wa mahaifina sata, kuma ina da shekara arba'in da biyar a duniya na yi ta. Abin da na sace kuwa bindigarsa ce, wata tsohuwar adaka da aka ɗaure gindinta da fatar akuya, wadda ta girme ni. Na faki idonsa yana masallaci da asuba, na shiga turakarsa na zaro ta daga bayan ƙyaure, na naɗe ta cikin buhu, na ɗaure a bayan babur, ban tsaya ba sai gidana a Kankiya, inda na tura ta ƙarƙashin gado. Inna ta ga fitata, ta kau da kai kamar ba ta gani ba, domin da saninta aka ƙulla abin. Yau shekara uku ke nan, amma har gobe ina tambayar kaina: aikin ɗa na gari na yi a wannan asubar, ko kuwa aikin ɓarawon da ya sami hujja mai daɗin faɗa?

Ƙauyenmu yana tsakanin Kankiya da Kusada. Baba bai san shekarar haihuwarsa ba, sai dai yakan ce yana kiwon awaki aka sami mulkin kai a 1960, don haka muna lissafa masa saba'in da 'yan kai. Harbi gadonsa ne. Mahaifinsa da baka da kwari ya yi nasa, da kibiya mai dafi, yana ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa har ya kusanci garken barewa ba su farga ba. Masu nisa da sana'ar sukan haɗa maharbi da mafarauci su ɗaure da igiya ɗaya, alhali akwai bambanci. Farauta ta taron rani ce, da ganga da karnuka da gora da barandami, 'yan tauri na kirari, gari guda ya fita a zagaye daji. Maharbi kuwa shi kaɗai yake fita, ba kiɗa ba ihu, daga shi sai sawun da yake bi. Baba ya yi ta taro da ƙuruciya, amma a maharbi aka san shi. Da damina ya yi noma, da rani ya shiga daji. Da kuɗin nama ya biya haraji, da shi ya saya mini littafi da takalmi har na zama malamin makaranta. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, to mu a gidanmu raba abin aka yi: mu muka ci zomon, shi ya ci gudun.

Abin da ya kai ni ga sata shi da bakinsa ya ba mu labarinsa. Da hunturu ne, an gama kai amfanin gona gida. Ya je ya laɓe da yamma liƙis kusa da wata kanya a bakin fadama, domin gada na son 'ya'yan kanyar da suka zubo. Ya hango wani abu ja-ja a gindin bishiyar, kansa a ƙasa. Ya ɗaga bindiga, ya auna, yatsansa na kan kunama. Sai ya dakata. Ya ce gada ba ta daɗewa kanta a sunkuye, takan ci ta ɗago ta saurara, wannan kuwa ya ƙi ɗagowa. Ya sauke bindiga ya yi gyaran murya, sai ga wani yaro Bafulatani ya miƙe da 'ya'yan kanya cike da hularsa. Baba yana ba da labarin yana dariya. Mu kuwa tuwo ya tsaya mana a wuya, domin mun san yana ta fara rufe masa ido, har yakan gaishe da mutum da sunan wani.

Labari ɗaya muka ji, amma darasi biyu muka fitar. Mu abin da muka ji shi ne saura ƙiris ya kashe ɗan mutane. Shi kuwa abin da yake nufi shi ne bai harba ba, kuma shekara hamsin na sanin halin gada ne suka riƙe masa yatsa a inda saurayi mai ido garau zai iya saki. Dukkanmu gaskiya muke faɗa, abin da ya sa matsalar ta yi wuyar warwarewa ke nan.

Hujjoji uku na tara kafin in ɗauki bindigar, kuma ina so mai karatu ya gan su da ƙarfinsu kamar yadda na gan su a lokacin. Ta farko haƙƙin mutane ce. Rai ba ya dawowa, kuma a zamanin da zargi ya yi yawa tsakanin manomi da makiyayi, harbi ɗaya na kuskure ya isa ya cinna wa ƙauye wuta. Ta biyu lafiyarsa shi kansa. Dajin yau ya sake hali. Daga yammacinmu, ta wajen Dajin Rugu da ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa, 'yan bindiga sun hana jama'a sakat, har ta kai gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Duk wanda aka gani da bindiga a daji yanzu abin tuhuma ne ga jami'in tsaro, abin hari ne ga ɗan ta'adda. Daga baya ma, a watan Maris na 2025, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano bikin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Da na ji labarin sai na ce a raina, ashe tsorona yana da tushe.

Hujja ta uku kuwa namun dajin ne da kansu. Gwanki da kanki da Baba yake ba mu labarinsu sun zama tatsuniya a yankinmu, barewa ma sai a bakin tsofaffi. Farin 1973 da na 1984 sun ci nasu rabon, gatari da garma sun ci saura. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kankiya ta haura mutum dubu 150, Kusada ta kusa dubu 100, kuma kowane baki gona yake nema. Tun a 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji wadda ta ware dabbobin da aka hana kashewa da waɗanda sai da lasisi, amma doka ba ta tsirar da kurmin da aka nome. Abin da ya rage mana sai zomo da gafiya da makwarwa da zabin daji, sai kuma gada jefi-jefi. Shi ya sa mafarautan Arewa suke keta ƙasa har Kudu neman abin da ya ƙare a gida. Na haɗa da abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kowane ɗalibin zaure ya sani, inda aka nuna cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda aka halatta ita ce ta buƙata. Na ce to Baba wace buƙata ta rage masa? Mu shida ne, kowa na kawo nasa, rumbunsa bai taɓa yin kango ba.

Da waɗannan hujjoji na kwanta ina jin na yi abin kirki. Na zaci zai yi faɗa, ya tara dangi, ya ce a nemo masa kayansa. Bai ce uffan ba. Ya dawo masallaci, ya duba bayan ƙyaure, ya fito ya shimfiɗa buzunsa a zaure. Haka ya yi washegari, haka ya yi jibi. Masu zuwa neman sassaƙe da saiwa, domin maharbi rabin mai magani ne, ya riƙa sallamarsu da cewa babu. Abinci ya koma cin cokali biyu. Tsufan da ya shekara ashirin yana binsa bai kama shi ba, cikin wata guda ya cim masa a zaune. Ranar wata Juma'a na je gaishe shi, na durƙusa, muka gaisa. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana. Har na miƙe zan tafi sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, in ka koma gida ka toshe mata baki da tsumma. Zanzaro na gini a ciki in an bar ta a ajiye."

Ban san yadda na kai bakin babur ba. Ashe tun ranar farko ya sani, ya zaɓi ya yi shiru don kada ya kunyata ni. Ni na ɗauke shi yaro wanda ake ɓoye wa wuƙa, shi kuwa ya ci gaba da ɗaukata babban mutum wanda ake rufa wa asiri. A daren nan na sake zama da hujjojina uku, na auna su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba ni da niyyar in ba kaina gaskiya.

Na fara da ta ƙarshe. Shin buƙatar ɗan Adam a cikinsa kaɗai take? Na tuna cewa naman da Baba yake kawowa a shekarun nan ba ya kaiwa kasuwa. Cinya ta tafi gidan mai jego, makwarwa ta tafi wurin wata gwauruwar tsohuwa a bayan gidanmu, abin da ya rage jikoki su wawashe. Mutumin da ya rayu yana bayarwa, mun mayar da shi mai karɓa a komai: hatsinsa namu, rigarsa tamu, kuɗin maganinsa namu. Bindigar nan ita ce ƙofa ɗaya da ta rage masa wadda alheri yake fita ta cikinta daga hannunsa zuwa na wani. Ban isa in yi fatawa ba, amma zuciyata ta ƙi yarda a kira wannan wasa. Game da ƙarewar namun daji kuma, Baba bai taɓa wanke kansa ba, yakan ce da hannunsu a ciki, su da suka ɗauka daji ba ya ƙarewa. Sai dai yana da dokokin da ya gada: ba ya harbi da damina lokacin da dabbobi ke da ƙanana, ba ya harbin mai ciki, ba ya cinna wa daji wuta don ya kori zomo, ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin tukunya. Samarin da ke fita yanzu da babura da fitilar goshi, suna haske idon duk abin da ya motsa cikin dare, ba su san waɗannan ba. Da na zaunar da mutum ɗaya da ya san lokacin da ake ƙyale dabba, gada ko ɗaya ban ceta ba, na dai rage wa dajin mai tsawatarwa.

Hujja ta biyu ta fi ba ni kunya da na tone ta. Gaskiya ne daji da haɗari, amma Baba ba ya nisa, iyakarsa fadamun da ya sani kamar tafin hannunsa. Kuma baligi mai hankali yana da ikon zaɓen wahalar da zai ɗauka a kansa. Muna barin tsofaffi su hau motar kasuwa a kan mugun titi, muna barinsu su yi noma cikin rana, ba mu taɓa ɓoye fartanya ba. Da na bincika sosai sai na tarar rabin tsoron da nake yi masa, kaina nake yi wa. Ina gudun a ce 'ya'yansa sun bar shi yana yawon daji kamar marar gata. Ina jin nauyi ɗalibaina su ga mahaifin malaminsu rataye da mataccen zomo. Sunana nake karewa, na lulluɓe shi da rigar tausayi.

Hujja ta farko kuwa ta ƙi faɗuwa, kuma har yau tana tsaye. Yaron nan mai tsintar kanya bai zaɓi ya shiga haɗarin idon Baba ba. Mutum yana da iko a kan ransa gwargwado, ba shi da iko a kan na ɗan wani. Furfura ba ta halatta abin da zai cuci jama'a, kuma wannan hukunci bai tsaya kan maharbi ba. Ya hau kan direban da ya daina ganin hanya da dare, da wanzamin da hannunsa ya fara rawa alhali ana kawo masa jarirai, da ungozomar da ƙarfinta ya ƙare. Kowace sana'a da ke riƙe da ran wani tana da ranar ajiyewa, kuma son da mai ita yake yi mata ba ya ɗage ranar. Inda na ɓata shi ne hanyar da na bi. Na yanke hukunci a bayan idonsa, na zartar a ɓoye, na hana shi abin da ko mai laifi ana ba shi, wato a faɗa masa a gabansa ya ba da amsa. Na raina dokar sana'arsa, na ɗauka ba ta da abin cewa game da tsufa, alhali ta girmi dokata.

Na mayar da bindigar da rana tsaka, na durƙusa na nemi gafara. Amma maganar ido ta fi ƙarfin bakina, domin ɗan fari ba ya duban mahaifinsa ya ce masa ya gaza. A nan al'ada ta yi mini rana. Abin da ɗa ba ya iya faɗa, jika yana faɗarsa cikin wasa. Ɗana, mai shekara goma sha shida a lokacin, ya zauna kusa da shi ya ce, "Tsoho, ai idon nan naka ya mutu, jiya fa akuya ka yi wa sallama. Ka bari a wanke maka shi, ko in ƙwace maka mata." Baba ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba, ya ce ja'iri ya fara tara sadaki tukuna. Bayan kwana biyu aminansa biyu, tsofaffin maharba, suka zo suka ƙarasa maganar a zaure. Aka yi masa aikin ido, ɗaya ya buɗe sosai, ɗayan ya ɗan taɓa. Aka yi sharaɗi uku da yardarsa: ba fita bayan la'asar, ba fita shi kaɗai, ba harbi sai abokin tafiya ya tabbatar da abin da aka gani.

Ya yi rani ɗaya a haka. A na biyu, wata safiya, ya sami gada a taku kamar talatin, a fili, jikansa ya tabbatar masa. Ya harba, hannu ya yi rawa, harbin ya same ta a cinya. Ta shige sarƙaƙiya da ƙafa uku. Suka bi jini har rana ta yi zafi, suka koma washegari, sai a rana ta uku ungulaye suka nuna musu inda ta ƙarasa. Yaron ya ce mini kakansa ya daɗe tsaye a kanta bai yi magana ba. Da suka dawo gida ya wanke bindigar, ya shafe ta da mai, ya toshe bakinta da tsumma, ya rataye ta da hannunsa a bangon turaka. Da na zo ya ce mini, "Malam, ranar da na ga yaron nan na fasa harbi, ni maharbi ne. Yau da na harba na bar baiwar Allah tana jan ƙafa kwana biyu, na zama macuci. Ubana ya ce in hannu ya daina kashewa da kyau, a ba shi sanda."

Ba zan ɓoye wa mai karatu abin da ke damuna ba. Da a ce tsakanin ranar da na mayar da bindigar da ranar da ya rataye ta wani mummunan abu ya faru, da ina cikin masu alhaki, kuma babu kyakkyawar magana game da mutuncin tsoho da za ta share hawayen uwar da aka kashe wa ɗa. Ƙarshen da ya yi kyau ba shi ne shaidar cewa na yi daidai ba, Allah ne ya tsare. Abin da zan iya karewa kawai shi ne mun rage haɗarin da sharuɗɗan da shi ma ya sa hannu a cikinsu, maimakon mu kawar da shi ta hanyar kashe mutumin a zaune. Da kuma ya ƙi aikin ido, ya ƙi abokin tafiya, ya dage sai ya fita da magariba, to da wajibi ne a karɓe bindigar. Sai dai a karɓe ta a fili, a gaban mai unguwa da Sarkin Baka da aminansa, a gaya masa dalili, ya yi fushinsa da mu yana sane da cewa mun ɗauke shi mutum.

Don haka idan aka tambaye ni yaushe maharbi zai rataye kwarinsa, ba zan kawo adadin shekaru ba, domin na ga ɗan talatin da bai cancanci riƙe bindiga ba, na ga ɗan saba'in da ya fi shi aminci. Abu uku zan duba: idon da ke rarrabe abin da ake auna, hannun da ke gamawa ba tare da azabtarwa ba, da zuciyar da ke iya fasawa bayan an ɗaga. Na ukun yana ƙaruwa da shekaru, na farko da na biyu suna raguwa, kuma ranar da raguwar ta rinjayi ƙaruwar, ranar ce. Aikin 'ya'ya shi ne su taimaki tsoho ya ga ranar da idonsa, ta bakin jika ko amini in nasu ya yi nauyi, su kuma tabbatar cewa abin da ya ajiye bai tafi da dukkan abin da ke tashe shi da safe ba.

Baba yana shiga daji har yanzu, da sanda da 'yar jakar saiwoyi, jikansa na biye. Masu neman sassaƙe sun dawo zaure. Wasu samarin mafarauta sukan zo ya duba musu sawu, shi kuma ya yi musu faɗa a kan wutar daji, wani ya ji, wani ya yi dariya. Ran nan yaron ya dawo yana ba ni labari cewa sun ga sawun gada a bakin fadamar nan mai kanya, da wani ɗan ƙaramin sawu yana bin sa a gefe. Ya ce kakansa ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa tafin hannu ya share sawun duka biyu, don kada masu babura su gani.